Rabon Zarto

Wata huɗu Umma ta yi a gidanmu ba ta buɗe akwatunanta ba. Guda uku ne, an jera su a bayan ƙofar ɗakin da muka gyara mata, an lulluɓe da tsohon zanen gado. Kayan da take sawa kala huɗu ne kacal, suna cikin wata ƙaramar jaka a gefen filonta. In na ce, "Umma, bari in fito miki da sauran kayan su sha iska," sai ta ɗaga hannun hagu ta ce, "Bar su, Auta. Baƙo ba ya baje kaya."

Shanyewar ɓarin jiki ce ta kawo ta wurinmu. Ƙafar dama ta dawo, tana jan ta da sanda. Magana ma ta dawo, ko da yake harshen ya yi nauyi. Hannun dama ne ya ƙi, yana nan a kan cinyarta inda duk aka ajiye shi. Shi ne kuwa hannun da ya yi shekara arba'in yana riƙe da almakashi. Umma mai ɗinki ce, irin waɗanda suke kallon mace sau ɗaya su san inda rigarta za ta matse. Abin da wasu ke cewa sai yadi bakwai, ita a shida take fitar da shi, har ta miƙo miki ƙyallen ɗankwali. Tun da ta kwanta ba ta ƙara ambaton ɗinki ba, in ma aka ɗauko zancen sai ta juya fuska bango.

Wata safiya na ji ta tana waya da ƙaninta. Kawu yana da wani ɗaki a bayan gidansa, inda yake tara tsofaffin tayoyi. Shi take cewa ya share mata, ya zo ƙarshen wata ya ɗauke ta.

"Umma, wa zai duba ki a can? Kawu fita yake tun safe, matarsa ma haka."

"Me za a duba? In na samu inda zan kwanta ai shi ke nan. Ba zan zauna gidan suruki ina ci ina sha, ko cokali ban ɗauke ba."

Na san abin da take nufi da kwanciya, kuma ya tsorata ni. Likita ya faɗa mana ƙarara, in ta daina motsi, wanda ya dawo ɗin ma zai tafi. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi lallashi, duk a banza. Saura kwana ashirin da uku.

Maigidana ne ya zo da dabarar kabad. Ma'aikacin gidan ruwa ne, aikinsa takardu, amma tun da ya fara kallon kafintoci a waya ya ɗauka shi ma ɗaya ne daga cikinsu. Ya sayi zarto mai wuta, ya sayi guduma, ya cika mana gareji da tarkace. Abin da ya taɓa ƙerawa kafin nan benci ne guda ɗaya, wanda har yau sai an sa masa marfin kwalba a ƙarƙashin ƙafa yake tsayawa. Tun daga bencin nake ce masa Injiniya, shi kuma yana amsawa da fara'a, don bai taɓa yarda tsiya nake masa ba.

"In ta ga an yi mata wurin ajiye kaya na kanta," in ji shi, "da hannu aka yi, ba sayowa ba, za ta san nan gidanta ne."

"Da hannun wa?"

"Ke dai ki duba min lissafi."

Ya kawo takarda. Fallen filawud, wato katakon nan mai faɗi da ake mannawa hawa-hawa, tsawonsa ƙafa takwas ne, faɗinsa huɗu. Faɗin nan inci arba'in da takwas ke nan. Yana son zurfin kabad ya zama inci goma sha shida, saboda haka falle ɗaya zai ba shi tsaga uku cif. Ni malamar lissafi ce, shekara goma sha ɗaya ina koyarwa. Na duba, na ga arba'in da takwas a raba uku sha shida ne, na sa masa hannu da jan biro har da yi masa kirari.

Ranar Asabar ya shigo da falle biyu, ya jingine su a baranda, ya zana duk layukansa da fensir tun daga farko har ƙarshe, sannan ya kunna zarto. Tagar Umma tana kallon barandar. Tun hantsi har la'asar gidan yana ƙara, garin katako ya shiga har cikin tukwanena. Da ya zo haɗawa sai abin ya ƙi. Tsaga ta farko daidai, ta biyu ta ɗan gaza, ta uku ta gaza sosai. Kantocin ciki, wato katakan da ake jera kaya a kai, sun fi wurinsu tsawo, sun ƙi shiga. Ƙofofi huɗu, biyu zanen katakonsu a tsaye, biyu a kwance. Ya tsaya riƙe da ƙugu, gumi yana bin gemunsa, yana kallon takardar da na sa wa hannu.

"Ai na faɗa maka," na ce, alhali ban faɗa masa komai ba. "Katako biyu ka kashe a banza. Da ka kira kafinta tun farko da yanzu an wuce wurin."

Daga cikin ɗaki muka ji muryar Umma, a hankali, tana jan kalmomin.

"Auta. Tambayi mai gidan, wannan garin da ya cika ƙasa daga ina ya fito?"

Haka take magana da shi tun aurenmu, ta bakina, ko da yana tsaye a gabanta. Na ce, "Daga katakon mana, Umma."

"To ya sa shi a lissafi?"

Muka kalli juna, ni da Injiniya. Kunya ta rufe ni har kunnena ya yi zafi. Zarto yana da kauri. Duk inda ya bi sai ya cinye wani abu, ba yawa, kamar kaurin tsinken ashana biyu, amma yanka biyu uku sun taru sun zama giɓin da ke gabanmu. Na raba arba'in da takwas gida uku kamar da reza ake yanka lamba.

"Mu a ɗinki ƙari muke bari saboda allura," in ji Umma. "Shi wannan ci yake. Dole a ware masa rabonsa tun a zane. Kantocin kuma ya manta bango biyu na gefe suna da kauri, shi ya sa suka ƙi shiga. Ƙofofin nan ko a atamfa ba a yin haka, fure ɗaya a tsaye ɗaya a kwance."

Tun da ta zo gidan ban ji ta jera magana mai tsawon wannan ba. Injiniya ya durƙusa a bakin tagar, ya cire hularsa da ta yi fari da ƙura.

"Umma, don Allah ki tsara min. Ni dai in yanka."

Na ɗauka za ta koma bangonta. Can ta ce, "Ce masa ya samo tsofaffin jaridu. Da alli. Da igiyar shanya."

Washegari da safe muka fito da ita baranda, muka zaunar da ita a kujera mai hannu. Ta sa na zana murabba'i biyu a kan siminti, kowanne girman falle guda. Ta sa na manna jaridu na yanka su daidai girman kowane ɓangare na kabad, bango biyu, sama, ƙasa, kantoci, ƙofofi. A kan kowace takarda ta sa na ja kibiya, ta nuna inda zanen katako zai fuskanta. Sannan ta fara jera su da bakin sandarta. Tsakanin takarda da takarda sai an shimfiɗa igiya, igiyar ce zarto.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ko kuma na sha gani ina ƙarama ban san me nake kallo ba. Takan tura takarda ɗaya gefe, ta karkata kai, ta jawo wata ta cusa a gurbin da ni ban ma ga gurbi ba ne. Zurfin kabad ta rage masa kwatan inci, sai ga tsaga uku sun zauna cikin falle ɗaya da igiyoyinsu, har da ɗan sarari. Ta ce kowane yanka ya tafi daga baki zuwa baki, kada a yi wanda zai tsaya a tsakiya, don zarto ba ya shan kwana kamar almakashi. Injiniya yana tsugune yana rubutawa. Shi a sabon lissafinsa falle uku zai saya. Ita ta gama da biyu, kuma a kusurwar na biyun ga wani fili ya rage, ƙafa uku da biyu da rabi, babu takarda a kai.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Wannan sai in fitar da aljihun tebur biyu a ciki."

"Ce masa a'a. Aljihunan su fito daga waccan doguwar tsagar. Wannan kada a taɓa shi."

"Na mene ne, Umma?" na tambaya.

"Ba na son a daddatsa babban ƙyalle. Ban saba ba."

Ranar sayen katako na ɗauka takarda kawai za mu tafi da ita. Na shiga ɗaki in karɓa, sai na tarar Umma ta yafa mayafi, tana ƙoƙarin zura takalmi da bakin sanda. A wuyanta ga tsohon tef ɗinta na awo, wanda lambobinsa na farko suka goge. Ashe yana cikin ƙaramar jakar nan duk watannin.

"Wanda bai san zarto yana ci ba, shi zan aika ya zaɓo katako?"

Shagon katakon dogo ne, mai duhu daga ciki, yana warin gam da ɗanyen itace. An jibge fallaye hawa-hawa har kusan rufi, a can ƙurya kuma injin yanka yana gurnani. Mai shagon ya ga tsohuwa da sanda, ya kawo mata kujera, ya juya wurin Injiniya don a yi magana ta maza. Ya sa aka zaro falle na sama.

"Mayar da shi," in ji Umma. "Na sama shi ke shan rana da raɓa. A tsayar min da shi a kan gefensa in gani."

Aka tsayar. Ta rufe ido ɗaya ta bi gefen da kallo tun daga nan har can, sai ga shi kowa ya gani, ya lanƙwashe kamar bayan cokali. Na biyu ta sa aka matso da shi, ta bi bakinsa da yatsan hagu tana ƙirga hawan da aka manna, ta tsaya a wani rami da tsinke zai shige.

"Nan in ƙusa ta faɗa, me za ta kama?"

Mai shagon ya daina kallon Injiniya. Na uku ta ƙwanƙwasa shi da kan sanda wuri huɗu, tana saurare, a wuri na huɗu ya yi ƙarar fanko, ta ce gam bai kama ba. Sai da aka sauke tara ta ɗauki biyu, masu zane iri ɗaya, don ƙofofi su dace da jiki. Sannan ta sa na riƙe mata bakin tef muka auna. Faɗin bai cika arba'in da takwas ba, da ɗan kaɗan. Kaurin ma bai kai yadda ake faɗa ba. Nan take, a zaune, ta gyara tsawon kantocin da ka, ni malamar lissafi ina ta laluben biro a jaka.

"Hajiya, maigidanki kafinta ne?" in ji mai shagon.

"Direba ne, Allah ya jiƙansa. Ni tela ce."

Tela ce, ta ce. Ba ta ce da can ba. Na ji maganar har cikin ƙirjina, na yi kamar ƙura ce ta shiga min ido.

Mun yanke shawarar a yi manyan yankan a injin shagon, don ya fi miƙewa. Mai injin wani dogon mutum ne da furfura a gira, Dogo suke ce masa. Ya karɓi takardar yana taunar tsinke, ya ɗauko fensir zai zana duk layukan a tashi ɗaya.

"A'a, malam. Yanka ɗaya, awo ɗaya. In ka yanke, ka sake aunawa daga sabon baki. Kuma bakin zarton ya bi ta wajen layi, kada ya hau kai."

Dogo ya cire tsinken daga bakinsa. Ya dubi takardar da kyau, ya bi lambobin da ta sa na jera na wanda za a fara da wanda zai biyo, ya gyaɗa kai.

"Shekarata ashirin da shida a kan injin nan," ya ce da Injiniya. "Kafintoci nawa ne suke kawo min takarda irin wannan? Ba su kai yatsun hannuna ba. Wannan mahaifiyarka ce?"

"Mahaifiyata ce," in ji Injiniya, ko ƙifta ido bai yi ba.

Umma ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Da aka gama yanka, abin da ya zube a ƙasa na banza bai cika tafin hannu biyu ba. Babban ƙyallen nan ta sa aka naɗe shi da kwali, aka ɗora shi a sama cikin motar kaya, kada gefensa ya ɓare.

Kwana tara aka yi ana haɗa kabad, da yamma bayan ya taso aiki. Zan faɗi gaskiya a kan mijina, tunda na faɗi ta bencinsa. Mutumin nan bai gaji ba, bai kuma yi fushi ba, duk da sau uku Umma tana sa shi ya kwance abin da ya ɗaura. Tana zaune a kujerarta tana cewa, "Ce masa ya huda kafin ya sa sukuru. Ce masa ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa, in biyun ba su zo ɗaya ba a karkace yake." Katakon da ya ɓata da farko ma ba ta bari an zubar ba, da shi aka yi gindin kabad da 'yan sandunan da kantoci ke zama a kai. Kantar da ke can sama ta sa aka sauko da ita daidai inda hannun hagunta zai kai daga tsaye. Na lura da wannan, na kama bakina, don na san halina, in na yi murna da wuri sai in ɓata abu.

Aka shigar da kabad ɗakinta ana saura kwana biyu wata ya ƙare. Ƙofofin suka rufu ba tare da sun gogi juna ba, zanensu duka a tsaye. Umma ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa, ta ce, "Ba laifi." Akwatunan kuwa suna nan a bayan ƙofa da zanen gadonsu. Ba ta ce a taɓa ba, ba ta kuma kira Kawu ta ce ya fasa ba. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kukana, ina jin haushin kabad, da Injiniya, da taurin kan da na gada a wurinta.

Kawu ya iso ranar Asabar da hantsi, da motar da ya aro. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, an share ɗakin. Ina kayan?"

Umma tana baranda a kujerarta mai hannu. Ta ɗaga kai ta dubi mijina, shi kansa, ba ta bi ta kaina ba.

"Injiniya."

Ya waiga ya dube ni, don ya ɗauka ni ce. A bakinta sunan bai yi kama da tsiya ba ko kaɗan.

"Na'am, Umma."

"Ɗauko min katakon nan da na ce a ajiye. Ka goge bakinsa da sanfefa kada ya ja zare. Ka haɗo da ƙarafunan nan biyu da kake matse katako da su."

Ya kawo. Ta sa ya ɗora katakon a kan hannuwan kujerar, ya zauna daram a gabanta kamar an auna, kuma na tabbata an auna ɗin, tun ranar jaridu. Sannan ta ce da ni, "Akwatin tsakiya. Akwai farin yadi a sama, almakashi yana ƙarƙashinsa cikin safa."

Na je na buɗe akwatin. Ƙamshin man keken ɗinki da na tsohon shagonta ya bugi hancina. Na kawo mata. Ta sa Injiniya ya shimfiɗa yadin a kan katakon, ya matse shi da ƙarafunan ta gefen dama, inda da hannunta ne zai danne. Ta ja layi da alli da hannun hagu. Ta zura yatsu cikin almakashin, ba su zauna daidai ba, don ba domin wannan hannun aka ƙera shi ba. Ta fara yanka. Yadin yana noƙewa, almakashin yana tauna maimakon ya ci, jijiyar wuyanta ta tashi. Babu wanda ya yi motsi a cikinmu. Ta kai ƙarshen layin, ta ɗaga ƙyallen ta rufe ido ɗaya, yadda ta yi wa katako a shago.

"Ya karkace," ta ce. "Ko almajirar ɗinki ta wata ɗaya ba za ta yi wannan ba. Matso min da shi, Injiniya, in sake."

Kawu ya gyara murya. "Yaya, mai motar fa da azahar yake son abarsa."

"To ka mayar masa mana," in ji Umma, idonta a kan alli. "Kafin ka tafi ka kama wa Auta akwatunan nan, a juye su a kabad. Keken ɗinkina kuma a fito min da shi nan inda haske yake. Ba ka ga ina aiki ba?"